Shin ƙungiyar gama-kai za ta iya raba masu kai saƙo da kamfanonin manhaja?

MaiBabur_Isiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina aikin kai saƙo ta manhajar wani kamfani, kuma akwai abin da ya faru a makon jiya wanda ya hana ni sukuni. Wani abokin aikina ya kai kaya, ya miƙa wa mai su hannu da hannu a bakin ƙofa, daga baya mutumin ya shigar da ƙorafi cewa bai karɓi komai ba. Washegari da asuba abokin nawa ya buɗe wayarsa domin ya fara aiki, sai ya tarar da saƙo mai layi biyu cewa an rufe asusunsa. Babu lambar da zai kira, babu ofishin da zai je ya kare kansa, ga bashin babur ɗin da bai gama biya ba yana jiransa a ƙarshen wata.

Mu goma sha ɗaya muka zauna muka yi lissafi. Babur namu ne, mu ke sayen mai, mu ke biyan bakanike, mu ke sayen waya da data, kuma idan hatsari ya auku jikinmu ne ke ɗauka. Abin da kamfani ke da shi manhaja ce kawai. Shi ne wani a cikinmu ya ce me zai hana mu kafa ƙungiyar gama-kai wadda mu ne masu ita, mu raba aiki da riba a tsakaninmu. Ina neman wanda ya san wannan al'amari ya gaya mana gaskiya: an taɓa yin haka a wani wuri? Ya ɗore? Idan bai ɗore ba, me ya kashe shi?

Malam_Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, Malam Isiya. Allah ya buɗa wa abokinka wata ƙofa. An taɓa yi, kuma ana kan yi. Tushen tsarin ya girmi manhaja da fiye da shekara ɗari da hamsin, domin a 1844 ne wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila suka kafa ƙungiyar da ake ɗaukar ƙa'idojinta a matsayin ginshiƙin gama-kai na zamani. Babbar ƙa'idar ita ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko da kuɗin da ya zuba sun fi na ɗan'uwansa. A kamfani kuwa yawan hannun jari ne ke magana.

A fannin kai saƙo, labarin da ya fi kusa da naku ya faro ne daga rugujewar kamfanin kai abinci na Take Eat Easy na ƙasar Beljiyam a watan Yulin 2016. Ya rufe ba zato ba tsammani, ya bar ɗimbin masu keke a Beljiyam da Faransa ba a biya su aikin da suka riga suka yi ba. Wannan ɗacin ne ya sa wasu daga cikinsu, tare da masu rubuta manhaja, suka kafa CoopCycle a Faransa a 2017. Tarayya ce ta ƙungiyoyin masu kai saƙo a kan keke, ta gina manhaja guda ɗaya wadda kowace ƙungiya ke amfani da ita a birninta, kuma sharaɗin lasisinta shi ne sai ƙungiyar da ma'aikatanta suka mallake ta za ta yi kasuwanci da ita. Daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi akwai Les Coursiers Bordelais a birnin Bordo, akwai kuma Mensakas a Basalona, wadda wasu masu kai abinci suka kafa a 2018 bayan sun yi gwagwarmaya da kamfanonin da suke yi wa aiki. Saboda haka tunaninku yana da magabata.

Tsohon_Direba:
Ba na son in karya maka gwiwa, ƙanena, amma akwai kuskure ɗaya a lissafinku. Kun ce abin da kamfani ke da shi manhaja ce kawai. Abin da yake da shi su ne kwastomomi, kuma ya saye su ne da tsabar kuɗi. Shekara da shekaru waɗannan kamfanoni suna tafka asara da gangan, suna rabon rangwame, suna kai kaya kyauta, suna cika allunan talla, saboda masu zuba jari sun yarda su jira. Ku goma sha ɗaya, wa zai jira ku? Ranar da kuka buɗe manhajarku, mutum zai shiga ya ga shaguna biyar, ya shiga ta kamfani ya ga ɗari biyar, kuma ba zai sake waiwayarku ba. Na ga ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya sun watse cikin wata shida saboda waya ba ta ƙara.

Injiniya_Sabo:
Tsohon_Direba ya taɓo ainihin ciwon. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, kuma zan iya shaida cewa gina ta shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ke cin kuɗi shi ne riƙe ta a raye: taswira, hanyar karɓar kuɗi, uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, wadda ba za ta faɗi da ƙarfe takwas na dare ba lokacin da oda ta fi yawa, da kuma mutumin da zai tashi ya gyara idan ta faɗi. Ƙungiya ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai ba, shi ya sa dabarar tarayya da Malam_Ɗanjuma ya kawo take da ma'ana, domin kowace ƙungiya tana ba da ɗan kaso daga abin da ta samu, a haɗa a biya masu kula da manhajar.

Sai dai manhaja ba ta kawo kasuwa. Kasuwar kai saƙo ƙafa uku gare ta, wato mai saye, mai sayarwa da mai kaiwa, kuma kowace ƙafa tana jiran sauran biyun kafin ta matso. Mai shago ba zai shiga ba sai ya ga masu saye, mai saye ba zai zo ba sai ya ga shaguna, mai babur kuma ba zai zauna yana jira ba alhali iyalinsa na jiransa. Duk wanda ya riga ya tara ukun a wuri ɗaya ya yi wa sabon shiga nisa.

Hajiya_MaiGidanAbinci:
Bari in yi magana daga ɓangaren masu sayarwa, tunda mu ma abin ya shafe mu. Kamashon da manyan manhajoji ke cira yakan kai kashi talatin cikin ɗari na kuɗin oda, kuma wannan ya fi ribar da yawancinmu ke samu a kan abinci. Don haka idan aka ce min ga ƙungiyar da za ta karɓi ƙasa da haka, kuma kuɗin yana shiga aljihun yaran da ke wahalar, wallahi zan fi son hulɗa da ita.

Amma na taɓa gwadawa da wasu matasa shida da suka haɗa kai, kuma ga abin da ya faru. Wata ranar ruwa ya tsuge da magariba, oda ta taru a kan kanta har goma sha huɗu, abinci yana hucewa ina kallo, mutum biyu kaɗai suka fito aiki. Na yi ta kiran shugabansu, shi ma yana kan hanya da kaya a bayansa, ba ya iya ɗauka. Kwastoma bai san wata ƙungiya ba, sunan gidana ya sani, kuma ni ya zaga. Ban ga laifin yaran ba, domin ba su da yawan da za su rufe irin wannan dare. Abin da nake so Malam Isiya ya riƙe shi ne, mai shago zai tausaya maka sau ɗaya, sau biyu, a na uku zai koma inda ya tabbata za a ɗauki kayansa.

Kekena_Jarina:
Hajiya, abin da ya same ki shi ne abin da ya kusa kashe tamu ƙungiyar a shekarar farko. Ni mamba ce a ƙungiyar gama-kai ta masu kai saƙo, mu tara ne yanzu, muna cikin shekara ta huɗu. Da farko mun ɗauka za mu yi gogayya da manyan manhajoji a kan abinci mai zafi, sai muka gane cewa wannan kasuwa tana tattaruwa ne a cikin awa biyu da rana da awa uku da dare, sauran lokacin kuma zaman jira ne. Kamfani yana magance wannan ta hanyar tara masu babur fiye da buƙata, ya bar su suna jira a titi ba tare da ya biya su ko kwabo ba. Mu da muke son a biya kowa a kan awa ba za mu iya hakan ba.

Abin da ya cece mu shi ne barin wannan filin gaba ɗaya. Muka koma neman yarjejeniya da masu sana'a waɗanda ke da kaya kullum a lokaci sananne: kantin magani da ke aika wa tsofaffi magani, ɗakin gwajin jini da ke buƙatar a ɗauko masa samfuri daga asibitoci, maɗaba'a, ofisoshin da ke aika takardu. A irin wannan aiki ka san tun ranar Lahadi abin da za ka yi ranar Laraba, don haka kana iya tsara jadawali, kana iya haɗa saƙo takwas a zagaye ɗaya maimakon ka yi ta kai ɗaya ɗaya. Ƙungiyar Olvo a birnin Faris ta shahara da irin wannan, da kekunan dakon kaya masu babban akwati.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Duk ranar Litinin da yamma muna zama a garejin da muke ajiye kekuna, jadawalin mako a manne a bango, kuma mafi yawan gardamarmu a kan abu ɗaya ne: wa zai ɗauki aikin asuba, wa zai fita ranar ruwa. Akwai wanda ke zaune gaban kwamfuta yana rarraba aiki, kuma sai da muka mai da wannan kujera ta karɓa-karɓa, saboda duk wanda ya daɗe a kanta ana fara zarginsa da ba abokansa zagaye mai sauƙi. Akwai kuma aikin da ba wanda yake so, wato rubuta takardar neman biya, bin bashi da zuwa wurin masu haraji. A da mun bar wa mutum ɗaya yana yi da dare kyauta, har ya gaji ya ce zai fita, sannan muka gane cewa awa ɗaya a kan takarda daidai take da awa ɗaya a kan keke, muka fara biyanta.

MaiBabur_Isiya:
Yaya Kekena_Jarina, na gode ƙwarai. Wannan batu na barin abinci mai zafi bai taɓa zo mana a rai ba. Ina so in sani, abin da kike samu yanzu ya kai wanda kike samu a manhaja?

Kekena_Jarina:
A wata mai kyau, wanda ke gudu a manhaja ba hutu yana iya fin ni. A wata mara kyau na fi shi nesa ba kusa ba, domin nawa ba ya sauka. Bambancin da na fi ji a jikina shi ne na daina tsallake jar danja saboda tsoron agogo.

Ɗalibar_Shari'a:
Ina ganin akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne ya kamata a fara da shi. Ƙungiyar da ke biyan mambobinta a kan awa, tana biyan inshora da kuɗin fansho, tana takara ne da kamfanin da ya kira ma'aikatansa masu zaman kansu domin ya kauce wa duk waɗannan. Muddin doka ta bar wannan ƙofa a buɗe, farashin ƙungiya zai fi tsada, kuma ba don ta gaza iya aiki ba.

Shi ya sa nake bin abin da ke faruwa a kotuna da majalisu. A Faransa, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2018, a shari'ar wani mai keke na Take Eat Easy ɗin nan da aka ambata, cewa bibiyar inda mutum yake ta waya tare da ikon hukunta shi alama ce ta dangantakar ma'aikaci da ubangidansa. A Sifaniya dokar masu kai saƙo ta fara aiki a watan Agustan 2021, ta ɗauke su a matsayin ma'aikata, ta kuma ba wakilansu damar sanin ƙa'idojin da manhaja ke bi wajen rarraba aiki. Kamfanin kai abinci na Deliveroo ya fice daga ƙasar kafin ƙarshen wannan shekara, takwaransa Glovo kuwa ya yi ta jan ƙafa ana cin tararsa, sai a watan Disamban 2024 ya sanar cewa zai ɗauki masu kai saƙonsa na Sifaniya aiki. Tarayyar Turai ma ta amince da dokar aikin manhaja a 2024, ta ba ƙasashe shekara biyu su shigar da ita cikin dokokinsu. A Amurka kuwa an ga akasin haka a jihar Kalifoniya, inda kamfanonin suka kashe fiye da dala miliyan 200 a 2020 wajen yaƙin neman ƙuri'ar da ta bar direbobi da masu kai saƙo a matsayin masu zaman kansu. Ra'ayina shi ne ƙarfin da za a zuba wajen kafa ƙungiyar mutum goma, idan aka zuba shi wajen ƙungiyar ƙwadago da gyaran doka, dubbai ne za su amfana.

Ɗan_Makaranta22:
Ni kam ina tsoron wannan maganar doka. Ina karatu ne, ina fita aiki awa uku idan na samu sarari, ranar jarrabawa kuma in kashe manhaja ba tare da na nemi izinin kowa ba. Idan aka mai da mu ma'aikata, ko aka ce sai na bi jadawalin bango irin na su Yaya Kekena_Jarina, ni na fita ke nan. Kuma ai na ji an ce a Ingila kotu ta riga ta ba mu duka haƙƙin ma'aikata ba tare da an taɓa 'yancin lokacinmu ba.

Ɗalibar_Shari'a:
Ɗan'uwa, a nan akwai gyara. Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na watan Fabrairun 2021 ya shafi direbobin motar Uber ne. Da batun masu kai abinci na Deliveroo ya zo gaban wannan kotu a watan Nuwamban 2023, hukuncin ya tafi ta wata fuskar: ta ce ba su cikin dangantakar aikin da za ta tilasta wa kamfani zama da ƙungiyarsu domin ciniki a kan albashi, kuma babban dalilin shi ne suna da damar sa wani ya yi aikin a madadinsu. Damuwarka game da lokaci gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma birnin Niyok ya nuna cewa ana iya sa mafi ƙarancin biya ba tare da an canja matsayin mutum ba, domin a watan Disamban 2023 aka fara tilasta biyan masu kai abinci ta manhaja mafi ƙarancin kuɗi a kan awa, wanda a lokacin dala 17.96 ne.

Malam_Ɗanjuma:
Ban yarda cewa sai an zaɓi ɗaya tsakanin doka da ƙungiya ba. Waɗanda suka kafa Mensakas su ne dai mutanen da suka yi ta zanga-zanga da shiga kotu kafin a samu dokar Sifaniya. Amma mu dawo kan tambayar Malam Isiya, domin shi da abokansa ba za su iya jiran majalisa ba. Ya tambayi abin da ke kashe irin wannan ƙungiya, kuma har yanzu ba a yi maganar kuɗin cikin gida ba.

Akanta_Zainab:
To bari in ɗauki wannan, tunda na riƙe wa ƙananan ƙungiyoyi littafi. Kuskure na farko shi ne raba duk abin da ya shigo. Mambobi sukan ga kuɗi a asusu a ƙarshen wata su ce riba ce, alhali a ciki akwai kuɗin tayar da za ta ƙare nan da wata uku, da kacar da za ta tsinke, da babur ɗin da kansa wanda kullum darajarsa ke raguwa. Idan ba a ware wannan tun farko ba, ranar da injin ya buga babu abin gyara shi.

Na biyu ya shafi shawarar Kekena_Jarina kai tsaye. Aiki da masu sana'a yana da daɗin tsari, amma su ba sa biya nan take, sai bayan kwana talatin ko fiye, ku kuwa mai da albashi ba sa jira. Ƙungiya tana iya samun kwastomomi masu kyau ta mutu da yunwa a tsakanin ranar aiki da ranar biya. Kafin ku fara, ku tabbata kuna da abin da zai riƙe ku wata biyu zuwa uku ko da ba a biya ku komai ba.

Na uku shi ne jari. Mai kuɗi ba ya sha'awar zuba dukiyarsa inda ƙuri'arsa ɗaya ce tak, kuma wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke girma a hankali. Dokar Faransa ta sami wata tsaka-tsakiya, inda ta yarda na waje ya zuba jari a ƙungiyar ma'aikata muddin ma'aikatan na riƙe da aƙalla kashi 51 na jarin da kashi 65 na ƙuri'u, kuma dole a ajiye wani kaso na riba a asusun da ba a rabawa ko da mamba zai fita. Wannan asusu shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Kada kuma a ɗauka cewa mallakar ma'aikata tana hana faɗuwa. Mondragon, tarayyar ƙungiyoyin gama-kai da ke yankin Bask na Sifaniya, wadda ta faro a 1956 kuma take ɗaukar dubun dubatar ma'aikata, ta ga kamfaninta na kayan lantarkin gida, Fagor, ya durƙushe a 2013. Abin lura shi ne sauran ƙungiyoyin tarayyar sun karɓi da yawa daga cikin mambobinsa.

Tsohon_Direba:
Malama Zainab ta faɗi abin da nake nufi da harshen lissafi. Na san ana yawan kawo misalin ƙungiyar gama-kai ta direbobi a Niyok da ta fara ɗaukar fasinja a 2021 tana cirar kashi 15 kawai. Kaso kaɗan abu ne mai kyau, amma kashi 85 na tafiya biyu bai kai kashi 70 na tafiya goma ba. Har yanzu ina kan bakana cewa samun aikin shi ne gaba da komai.

Wanda_Ya_Gani:
Ni ciwon da na gani daga ciki ya fito. Na shiga wata ƙungiya bayan shekara biyu da kafa ta. Mutum biyar da suka kafa ta sun sha wahala, ban musa ba, amma da aiki ya fara yawa sai suka riƙa ɗaukar mu sababbi a matsayin 'yan gwaji, aka ce bayan wata shida za mu zama mambobi. Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama biyu, kullum akwai dalili. Mu ke yin zagaye mai nisa, su ke zama a taro su yanke abin da za a biya mu, kuma littafin kuɗi yana hannun mutum ɗaya wanda idan ka nemi gani sai ya ɗauka ka zarge shi da sata. A ƙarshe na ga cewa na bar ubangidan da ban taɓa gani ba na koma hannun iyayengiji biyar da muke gaisawa kullum, kuma wannan ya fi ciwo. Idan za ku kafa, Malam Isiya, ku rubuta ranar da sabon shiga zai zama mamba, ku rubuta cewa kowa na da ikon duba littafi, tun kuna goma sha ɗaya kuma kuna ganin girman juna. Tun ran gini ran zane.

Kekena_Jarina:
Abin da Wanda_Ya_Gani ya faɗa yana faruwa, kuma mu ma mun kusa faɗawa. Waɗanda suka fara sukan ji cewa bai dace wanda ya zo jiya ya yi daidai da su ba, kuma akwai gaskiya a cikin wannan ji. Yadda muka warware shi ne, awannin da aka yi kyauta a shekarar farko muka ƙidaya su a matsayin bashin da ƙungiya za ta biya a hankali. Da aka biya, sai maganar fifiko ta mutu, ƙuri'a kuma ta zama ɗaya ga kowa bayan wata tara.

Maman_Khalil:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba mai wannan aiki ba ce, mijina ne. Bara mota ta buge shi yana kan hanyar kai kaya, ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Yana kwance a gefen titi wayarsa tana ta ƙara, saƙo ne ke shigowa ana tambayarsa dalilin da kaya suka makara. Wata huɗu ya yi bai taka ba, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da ya shigo gidanmu daga wurin da yake yi wa aiki. Abokan aikinsa ne suka riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa suna kawo mana. Tambayata ga masu ƙungiya ita ce, idan wannan ya sami ɗayanku, me ƙungiya za ta yi masa a aikace? Domin idan amsar ita ce a zagaya da hula a tara taimako, to wannan muna da shi tun ba a kafa komai ba.

Akanta_Zainab:
Allah ya ƙara masa lafiya, Maman Khalil. Tambayarki ita ce ma'aunin gaskiya. Ƙungiya mai rajista tana iya sayen inshorar hatsari ta rukuni, wadda ta fi ta mutum ɗaya sauƙi, kuma tana iya ware kaso daga kowane saƙo zuwa asusun jinya wanda aka rubuta ƙa'idarsa: nawa za a ba mutum a mako, har tsawon wane lokaci. Amma sai an sa wannan a cikin farashi tun ranar farko. Ƙungiyar da ta karya farashi domin ta jawo kwastoma, da wannan asusu take biya.

Malam_Ɗanjuma:
Akwai wata hanya ta tsakiya da ta dace da tambayar Maman Khalil da kuma damuwar Ɗan_Makaranta22. A Beljiyam akwai ƙungiyar gama-kai mai suna Smart, wadda a 2016 ta shiga yarjejeniya da kamfanonin kai abinci: mai keke yana aiki ta manhajar kamfani a lokacin da ya zaɓa, amma ƙungiyar ce ke ɗaukarsa aiki a takarda, tana tabbatar masa da biya a kan awa da inshorar hatsari. Da Take Eat Easy ya rushe, ita ce ta biya mambobinta haƙƙinsu da ya maƙale. Raunin tsarin ya bayyana ne lokacin da Deliveroo ya sanar a ƙarshen 2017 cewa ya janye daga yarjejeniyar, domin kwastomomi da manhaja duk suna hannunsa. Wannan ya ƙarfafa maganar Tsohon_Direba ta wata fuska, ya kuma ƙarfafa ta masu cewa sai an mallaki aikin gaba ɗaya.

Injiniya_Sabo:
Ina so in koma kan abokin Malam Isiya, domin daga kansa aka fara. Ƙorafin ƙarya ba zai ƙare ba don an kafa ƙungiya, kuma wata rana mamba ne da kansa zai ɓatar da kaya ya musa. Abin da ke canjawa shi ne wanda ke yanke hukunci da kuma yadda ake yanke shi. A ƙarshen 2020 wata kotu a birnin Bolonya na Italiya ta samu tsarin lissafin da Deliveroo ke auna masu kekensa da nuna wariya, saboda bai bambanta wanda ya fasa aiki don rashin lafiya ko yajin aiki da wanda ya fasa haka kawai ba. Na'ura tana bin abin da aka rubuta mata ne. A ƙungiya ku ne za ku rubuta, saboda haka ku zauna ku amsa tun yanzu: shaidar miƙa kaya mece ce, hoto ko lambar sirri da mai karɓa zai faɗa? Mutum nawa ne za su saurari wanda ake zargi? Yana ci gaba da aiki kafin a gama bincike ko a'a?

Hajiya_MaiGidanAbinci:
Lambar sirrin nan ta fi hoto, domin na ga an ɗauki hoton ƙofar da ba ita ba.

MaiBabur_Isiya:
Na karanta komai sau biyu, kuma na tura wa sauran goman. Ba mu yanke shawara ba tukuna, domin uku daga cikinmu suna ganin maganar Ɗalibar_Shari'a ta fi ƙarfi, suna so mu fara shiga ƙungiyar ƙwadago. Abin da muka amince a kai shi ne ba wanda zai rufe asusunsa na manhaja yanzu. Za mu zagaya wurin masu kantin magani da maɗaba'u a cikin mako biyu masu zuwa mu ji ko akwai mai son yarjejeniyar aikin safe, kuma idan an samu, abokina da aka rufe wa asusu shi zai fara ɗauka tunda shi ne ke zaune. Malama Zainab, idan babur na kowa nasa ne ba na ƙungiya ba, yaya ake lissafin kuɗin gyara da raguwar darajarsa? A kan kilomita za a biya mai shi, ko a haɗa a cikin kuɗin awa?

Akanta_Zainab:
A raba su, Malam Isiya. Kuɗin awa na mutum ne, kuɗin kilomita na babur ne, kuma idan aka cakuɗa su wanda ake ba zagaye mai nisa shi zai riƙa cutuwa ba tare da an lura ba. Kowa ya fara rubuta lambar mitarsa safe da yamma daga gobe, tare da duk abin da ya kashe a kan mai da gyara, har tsawon wata ɗaya. Idan kun tara wannan ku kawo, sai mu fitar da abin da kilomita ɗaya ke ci.